Kunnena ya fara kuka da dare, ko sifikar ɗaki ce?

Ɗanlami Tela, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani. Bayan ƙaramar sallah na sayi kayan sauti na ɗaki, hom tiyata, a Adum nan Kumasi, mai ƙananan sifiku biyar da babbar wufa ɗaya, wato akwatin da ke fitar da dum-dum. Ɗakinmu ciki da falo ne a gidan haya, falon bai wuce taku biyar ba. In na taso daga shago bayan isha'i nakan kunna, wani lokaci karatu, wani lokaci waƙa, ran da ƙungiyar ƙwallon Kotoko ke wasa kuwa sai na ƙure ta. Yau kusan mako uku ke nan, duk sa'ad da na kashe na kwanta sai in ji wani siririn kuka a kunnen hagu, kamar gyare ya shige ciki. Da farko kafin asuba ya tafi. Yanzu da shi nake zuwa masallaci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar maiɗakina jiya. Ta ce lokacin da muka kawo kayan a lamba 14 ta maɓallin murya nake ji, yanzu sai na kai 30 nake cewa ta fito. Kuma 'yarmu mai wata tara katifarta na nan gefen wufar, don nan ne inda fanka ke kaiwa. Shin sifikar ce, ko wani ciwo ne daban?

Musa Sifina, Sawaba:
Wa alaikumus salam Masta Ɗanlami. Kwantar da hankalinka. Shekarata goma sha ɗaya ina kiɗan aure da suna, daga Sawaba har Moshie Zongo, sifikun da nake ɗaurawa ɗaya ta fi ƙofar ɗakinka tsawo, kuma ga ni nan ina ji. Wannan kukan kowa na yi in ya gaji. Wataƙila datti ne ya taru. Ka sa a wanke maka kunne.

Hajiya Mariya, Alabar:
Ɗanlami ɗana, kafin a ce komai, ka ɗauke yarinyar nan daga gindin wufa yau ɗin nan. Kai babba ne, in ya dame ka za ka faɗa. Ita fa? Ba ta da bakin da za ta ce Baba rage. Ka matsar da katifar, ko ka matsar da akwatin, ɗaya dai.

Anti Rabi Nas, Asawase:
Mma Hajiya ta riga ni. Yaya Ɗanlami, ni ba likitan kunne ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, amma abin da ka lissafa alamu ne da aka sani. Bari in yi bayani yadda za a gane.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu nannaɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu 'yan gashi a kansu, wajen dubu 15 a kowane kunne, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da gashin nan kamar yadda ruwan sama mai iska ke kwantar da masara a gona. In an bar su sun huta, da yawa sukan miƙe, shi ya sa da farko kukan ke tafiya kafin asuba. In aka riƙa maimaitawa kullum, wasu sukan mutu, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu ɗigon da ke dawo da shi.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yaro kuma 75. To ga inda mutane ke ruɗewa: duk ƙarin 3 kacal, lokacin ya ragu da rabi. Wato 83 awa 20 ne, 86 awa 10, 89 awa 5, 92 awa biyu da rabi. In ka kai 100, abin da aka yarje maka a mako guda bai kai rabin awa ba. Wasan ƙwallo ɗaya minti 90 ne, ban da hutun rabin lokaci da sharhin bayan wasa.

Musa Sifina, Sawaba:
Anti Rabi, da girmamawa, wannan lissafin na Turawa ne masu zama a gidajen da ko kaza ba ta cara. Mu da muka tashi a zango fa? Kasuwar Kejetia kaɗai ta fi duk abin da kika lissafa. Kunnenmu ya saba.

Anti Rabi Nas, Asawase:
Ɗan'uwana Musa, kunne ba ya sabawa da ƙara yadda tafin ƙafa ke sabawa da tsakuwa. Abin da muke kira sabo sau da yawa raguwar ji ce. Ƙarar ba ta ragu ba, mai jin ne ya ragu. Kuma maganar Kejetia da ka kawo hujja ce a kanka, don lissafin na mako duka ne, ba na sifika kaɗai ba. Wanda ya wuni cikin hon ɗin motocin haya na tiroto da ihun masu talla da injin faragiya mai ƙafa uku, ya riga ya ci kaso mai yawa kafin ya iso gida. Ɗakinsa ne kaɗai wurin da kunnen zai huta. In ya zo ya ɗora masa wufa, yaushe zai huta?

Baba Sule, Suame Magazine:
Ku bar ni in sa baki, don ni a jikina na gani. Na shiga Magazine, unguwar makanikai, koyon bugun bodi ina ɗan shekara goma sha biyar. Mastana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai fara'a, mai son hira, in ana zaman shayi shi ke riƙe da majalisa. Kafin ya bar aiki sai ya zama in ana magana ido kawai yake bi da shi, in ya ga an yi dariya shi ma ya yi. Mutane suka ce girman kai ya shige shi, wasu suka ce tsufa ne. Rannan bayan la'asar ya ja ni bayan wata tsohuwar tipa, ya ce mini, Sule, ina jin muryar liman amma ban san surar da yake karantawa ba. Ya faɗa yana share ido da hularsa. Wannan maganar ba ta taɓa barina ba.

Yau ni ma na kama hanyarsa. A ɗaki shiru ina jin mutum sarai. Amma a wajen ɗaurin aure, ko in jikoki uku suka haɗa baki, sai in ji hayaniya kawai, kalmomin sun narke. Kuma ban taɓa jin zafi a kunnena ba ko sau ɗaya, shi ne abin da ya cuce mu. Da yana zafi kamar haƙori da tuni mun nemi abin toshewa. Musa ɗana, lokacin da nake da shekarunka ni ma cewa nake ga ni nan ina ji.

Fati, ɗaliba, Yalwa:
Baba Sule, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka ce na jin murya ba a gane kalma, mun karanta dalilinsa. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su s da f da sh da ts. Mutum zai ji "ara" amma bai san ko fara aka ce ba, ko sara, ko shara, ko tsara. Wasulan suna nan da ƙarfinsu, baƙaƙen ne suka gudu. Shi ya sa mai wannan matsalar yake cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, kuma shi ya sa yake ta ƙara wa talabijin murya amma ba ta fita. In an yi gwajin ji, ana yawan ganin jin ya faɗi a wajen 4000 na ma'aunin kaifin sauti, wannan ce alamar da ƙara ke bari.

Yakubu mai gyaran rediyo, Akwatia Line:
Ni ta ɓangaren kayan zan yi magana, tunda su nake buɗewa kullum.

Masta Ɗanlami, lambar 14 ko 30 da kake gani ba desibel ba ce. Kowane kamfani da yadda ya tsara nasa, 30 ɗin wani 15 ɗin wani ne. Har a kaya ɗaya ma, tashar rediyo daban, filas daban, waya ta bulutut daban. Saboda haka kada wani ya ce maka tsaya a lamba kaza. Amma hawan da ka yi daga 14 zuwa 30 a kan abu iri ɗaya, wannan kam abin dubawa ne.

Sannan falonka ƙarami ne, bangon siminti, ƙasa tayil, sama silin roba ko kwano. Irin wannan ɗakin ba ya shan sauti, maido da shi yake yi. In ka tura wufa cikin kusurwa kuwa, bango biyu da ƙasa duk suna taya ta, dum-dum ɗin ya ninku ya danne magana. Kai kuma da ka ji maganar mai sharhi ba ta fita sai ka ƙara murya, dum-dum ɗin ya ƙara hawa, haka za ku yi ta tsere. Ka jawo wufar daga kusurwa, ka rage bes ɗinta, wato dum-dum ɗin, a rimot, ka ɗaga 'yar sifikar tsakiya wadda magana ke fitowa ta cikinta ka sa ta daidai kunnenka in kana zaune, tana kallonka. Da yawa nakan tarar da ita a ƙasa bayan kwalin takalma, ko an juya ta tana kallon bango. Labule mai kauri da darduma a ƙasa ma suna taimakawa ƙwarai. Za ka yi mamakin yadda magana za ta fito a ƙaramar lamba.

Wani abu kuma da ba a kula da shi: in aka ɗauke wuta kana kan 30, wasu kayan in wuta ta dawo a nan suke tashi. Na san gidan da hakan ya faru ƙarfe biyun dare, jariri na kwance kusa. In dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, ka tashi ka kashe soket.

Musa Sifina, Sawaba:
Yakubu, ai bes ba ya kashe kunne, a ƙirji ake jinsa. Tuwita, mai fitar da siririn sauti, ita ce mai tsaga kunne.

Yakubu mai gyaran rediyo, Akwatia Line:
Gaskiya ne siririn sauti ya fi saurin yin ɓarna in ƙarfinsu ɗaya. Amma bes ɗin da ke girgiza kofi a kan tebur ba ya zuwa shi kaɗai, maɓalli ɗaya ne ke ɗaga su duka. Kuma shi ne ke sa mutum bai san ya wuce gona da iri ba, don yana da daɗi a jiki.

Abdul Razak, Sabon Zango:
Ni dai abin da kakata ke yi mana shi ne ta ɗiga man kaɗanya mai ɗumi ko ruwan albasa, ta toshe da auduga. A gwada.

Anti Rabi Nas, Asawase:
Don Allah Yaya Ɗanlami kada ka ɗiga komai sai an leƙa kunnen. In dodon kunne yana da huji ba ka sani ba, abin da ka ɗiga zai wuce ciki ya jawo wata cutar. Kuma wurin da ƙara ke lalatawa yana can ciki inda mai ba ya kaiwa. Haka tsinken ashana da gashin kaza da auduga mai sanda, tura dattin suke yi ciki.

Amma Musa ya faɗi abu ɗaya mai kyau, ba kowane kukan kunne ne daga ƙara ba. Datti in ya toshe yana kawo shi. Hawan jini yana iya zuwa tare da shi. Kwinin na zazzaɓi an san shi da sa kunne kuka, allurai irin su jentamaisin ma suna iya taɓa ji. Shi ya sa nake so ka je a duba, musamman da ka ce kunne ɗaya ne. A asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma cibiyar gwajin ji. Za a sa ka a ɗaki shiru, a ɗora maka abin ji a kai, kana jin ɗan sauti kana danna maɓalli. Ba zafi, ba allura. Ka tafi da sunayen duk maganin da ka sha kwanan nan. Kwana ɗaya kafin gwajin ka nisanci ƙara, don sakamakon ya fito daidai. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya toshe ɗif farat ɗaya, wannan ba na jira ba ne, ranar zai tafi.

Malam Idi, Asawase:
Allah ya saka wa masu bayani. Ina so in taɓo wani wuri da muke jin nauyin taɓawa. Ɗanlami ya ce wani lokaci karatu yake sa wa. Da yawanmu muna ganin in karatu ne ko wa'azi, ƙure murya lada ne. Ba haka muka koya ba. A cikin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa akwai umarnin sassauta murya, aya ta 19. Kuma ƙa'ida ce sananniya a wajen malamai cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Ji amana ne, za a tambaye mu a kansa. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, bayan bangonka akwai mai jinya, akwai wanda ya kwana gadi, akwai maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba. Karatun da aka sa don a saurara, in ya zama ana ɗaga murya a kansa ana cinikin gawayi a tsakar gida, ba a girmama shi ba.

Hajiya Mariya, Alabar:
Malam, Allah ya biya. To ku ma ku faɗa wa masu kula da lasifikan masallatai. Kiran salla ba wanda ya ce a rage, wannan don na nesa ne. Amma cikin masallaci fa? Ɓangaren mata namu ɗaki ne ƙarami, an ɗaura sifika dab da kanmu, in aka yi tafsirin azumi na awa biyu ina fitowa kaina na sarawa. Mun yi magana sau biyu, an ce mana ai don tsofaffi su ji ne. Mu ne fa tsofaffin.

Malam Idi, Asawase:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma na karɓa. Zan kai ta zaman kwamitinmu ranar Juma'a. Yakubu, in ka samu lokaci ka zo ka duba mana yadda aka jera su.

Yakubu mai gyaran rediyo, Akwatia Line:
Zan zo Malam. Yawanci maganin shi ne ƙananan sifiku da yawa a rarrabe, kowacce a hankali, maimakon babba ɗaya tana ihu daga gaba.

Alhaji Bashir, Nima, Accra:
Gaisuwa daga Accra. Mu nan kowace shekara kafin bikin Homowo sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda. Ba al'adarmu ba ce, kuma akan yi ta ce-ce-ku-ce a kanta, amma duk wanda ya zauna a Accra ya san yadda garin ke sauyawa a wannan watan, har barci ya fi daɗi. Kuma dokar ƙasa ma tana nan: ma'aunin hukumar kare muhalli ta EPA na unguwar zama shi ne desibel 55 da rana, 48 da dare. Ku kwatanta da abin da ke fita ta tagoginmu.

Musa Sifina, Sawaba:
Alhaji, 55 ai bai kai ko ƙarfin hira ba bisa lissafin Anti Rabi. Wa zai iya? Ku fa gane, ni abincina ke nan. In na rage, uwar amarya ce za ta fara zuwa ta ce kayana ba su da ƙarfi, gobe ta kira wani. Ba ni ke son ƙarar ba, masu biki ne.

Anti Rabi Nas, Asawase:
Musa, 55 ɗin abin da ke isa ga maƙwabta ne a waje, don barci da natsuwa. Na kare kunne shi ne wancan 80 ɗin. Kuma ba wanda ya ce ka bar sana'arka. Ko a wuraren casu, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 bai ce a kashe kiɗa ba, cewa ya yi kada matsakaicin ƙarfin ya wuce 100. Abin da nake roƙonka uku ne. Ka sayi abin toshe kunne na soso, wanda ake murzawa a tura, ba auduga ba, auduga ba ta tare abin kirki. Ka daina kafa teburinka a gaban sifika. Sannan yaran da ke zuwa su manna kansu a jikin akwatin suna rawa, ka kore su baya. A fili, duk ninka tazara yana rage kusan desibel 6, kuma 6 ɗin nan ya ninka lokacin da kunne zai jure har sau huɗu.

Tambaya ɗaya zan yi maka tsakani da Allah, ba sai ka amsa a nan ba. In ka dawo daga biki ka kwanta, shiru kake ji?

Musa Sifina, Sawaba:
Zan amsa a nan. Ba shiru nake ji ba. Ya fi shekara biyu. Da rediyo a kunne nake barci don kada in ji shi.

Baba Sule, Suame Magazine:
Ka bi Ɗanlami ku tafi tare, ɗana. Abin da ya rage shi ake tsarewa. Ni na sa yarana a gareji kowa ya rataya abin toshe kunne a wuya, wanda bai sa ba ba ya taɓa guduma.

Fati, ɗaliba, Yalwa:
Masta Ɗanlami, kafin ka je, akwai manhajojin auna ƙara a waya. Ba su kai na'urar gaske ba, wata wayar tana ƙarawa wata tana ragewa, amma za su ba ka haske. Ka ajiye wayar inda kake zama, sannan inda kan jaririyar yake. Akwai kuma hearWHO ta Hukumar Lafiya ta Duniya, tana karanto lambobi cikin hayaniya kana dannawa, sai dai sai mutum ya san lambobin da Turanci ko wani harshen da take da shi. In ba waya, ga gwaji mai sauƙi: maiɗakinka ta tsaya nesa da kai kamar tsawon hannu ta yi maka magana yadda ta saba. In sai ta ɗaga murya kafin ka gane, kayan sun yi ƙarfi.

Mu matasa ma namu laifin yana nan a abin sa wa a kunne. A cikin tiroto mutum zai ƙure waya don ya danne ƙarar injin. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kuma a riƙa cirewa ana hutawa.

Ɗanlami Tela, Aboabo:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na yi daren jiya. Katifar yarinya ta koma ciki, na ja waya na kai mata fankar can. Na jawo wufar daga kusurwa yadda Yakubu ya ce, 'yar sifikar tsakiya kuwa ashe tana ƙarƙashin tebur, buhun yadi ya rufe rabinta. Da na ɗora ta sama, labaran ƙarfe takwas a lamba 17 na ji su, kuma na gane komai. Ƙanena ya sa mini manhajar a wayarsa, muka gwada lamba 30 na ɗan lokaci da yarinyar tana waje wajen uwarta. A kujerata allurar tana yawo tsakanin 88 da 93. Inda kanta yake kwanciya ya fi haka. Na daɗe a zaune ban ce komai ba.

Kukan dai yana nan, bai tafi ba. Kuma na tuna a shago ma injin ofalok da na aiki biyu suna gefen hagu na tun safe har dare, ga rediyo a kan shelf dab da kaina don in ji ta a kan ƙarar injin. Zan faɗa wa likita wannan ma.

Anti Rabi, ita yarinyar ana iya gwada jinta tun tana wata tara, ko sai ta fara magana?

Anti Rabi Nas, Asawase:
Ana iyawa, ko jaririn kwana biyu ana gwadawa. Wani ɗan abu mai laushi ake sa wa a bakin kunne, na'ura ta auna amsar da kunnen ke bayarwa, ba sai ta yi komai ba, in tana barci ma ya fi. Ka tafi da katin awonta. Kafin nan ka lura ko tana juyowa in an kira sunanta daga baya, ko tana gwalan-gwalan ɗinta na ba-ba da ma-ma kamar da.

Ɗanlami Tela, Aboabo:
Tana juyowa, alhamdu lillahi, yanzu uwarta ta gwada. Litinin da sassafe za mu tafi in sha Allahu. Musa, in kana zuwa ka same ni a bakin shago ƙarfe shida, mu hau faragiya ɗaya.

Musa Sifina, Sawaba:
Ina da suna Lahadi da yamma a Aboabo Namba Tu. Anti ta ce a huta kwana ɗaya kafin gwaji. In bar wa yarona ya yi, ko mu mayar da tafiyar Talata?

Anti Rabi Nas, Asawase:
Ku mayar Talata. Kuma yaron naka ma ka saya masa abin toshe kunnen kafin Lahadi.